Gargaɗi ga masu zuwa Masar: ƙaryar "an rufe gidan tarihi"

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai niyyar zuwa Masar, ko yawon buɗe ido, ko ganin likita, ko ziyarar ɗa ko ƙani da ke karatu a Azhar, don Allah ya karanta wannan kafin ya tashi.

Kwana uku muka yi a Iskandariyya, bakin Bahar Rum, ni da maiɗakina, ba wanda ya tare mu. A Alƙahira abin ya same mu, a Dandalin Tahrir, dab da tsohon gidan tarihin nan da aka buɗe tun 1902. Muna tsaye mun rasa yadda za mu tsallaka titi saboda motoci, sai ga wani dattijo fes da shi, da furfura da kwat. Ya ɗaga wa motoci hannu ya tsallakar da mu. "Ya Hajji, daga ina? Najeriya? Musulmi? Alhamdu lillahi, ai mu 'yan'uwa ne." Ya ce shi ma'aikacin gidan tarihin ne, an rufe ƙofa sai nan da awa ɗaya, amma akwai "shagon gwamnati" a bayan layi inda ake sayar da tsaraba ba ha'inci, mu je mu huta kafin a buɗe.

Baƙo ko da ido makaho ne. Muka bi shi.

A shagon aka zaunar da mu, aka kawo shayi mai na'ana'a. Wani saurayi ya ɗauko karan bardi na gaske, wato tsiron da mutanen Masar na dā suke yin takarda da shi, ya fere, ya yanka siri-siri, ya jera wasu a tsaye wasu a kwance, ya danne. Duk wannan gaskiya ne, haka ake yin ta. Damfarar tana cikin abin da aka naɗe mana. Muka zaɓi guda huɗu masu Ayatul Kursiyyu da ruwan zinariya don iyaye, aka shiga ciki da su, aka fito da su a kwali, har da wata takardar shaida mai hatimi. Na so in taya, amma ga shayin mutane a cikina, ga dattijo yana ta kirana ɗan'uwa. Kunya ta hana ni. Wallahi da kunyar nan tamu suke cin kasuwa, sun kuma san da haka.

Da muka koma ƙofar gidan tarihin, mutane na ta shiga. Na tambayi mai gadi, ya ce tun safe ba a rufe ba. Dattijo kuwa ko ƙurarsa. Dillali ne, la'adarsa tana cikin kuɗin da na biya.

Da dare wani ɗalibi ɗan garinmu ya zo masaukinmu. Yana warware ɗaya ta tsage a gefe. Ya ce ganyen ayaba ne. Bardi na gaske in ka ɗaga shi ga haske za ka ga zaren tsaye da na kwance sun sarƙe, kuma yana naɗuwa ya warware bai karye ba. Ku gwada wadda za a ba ku ɗin, a gabanku, kada a shiga da ita ciki.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, kafin mu fita mai shagon ya jawo aljihun tebur ya nuna min wani ɗan dutse mai siffar buzuzu, ya rage murya ya ce daga kabari aka tono shi a Luksor. Kada ku kuskura. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikin kayan tarihi da fitar da su. In na jabu ne kun yi asarar kuɗi, in na gaske ne kuna iya ƙarewa a kurkuku daga filin jirgi.

Masu son ganin gawar Fir'auna kuma, kada wani ya karɓi kuɗinku ya ce zai shigar da ku a Tahrir. Tun Afrilun 2021 aka kwashe gawawwakin sarakuna 22, har da ta Ramsis na Biyu, zuwa wani gidan tarihi da ke unguwar Fusɗaɗ a Alƙahira.

Ko wa ya ce muku an rufe, ku taka da ƙafarku har bakin ƙofa, ku sayi tikiti a tagar hukuma. In aka matsa muku, lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido 126 ce. Ni ban iya kai ƙara ba, don ba a ba ni rasit ba, kuma da na koma washegari ban gane layin ba.