Jarin haɗaka: raba iko a manhajar musaya ko walat mai sa hannun tarayya?

Ɗan'uwa, ka ce ku biyar kuka haɗa jarin USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, kalmar sirri ɗaya ce a hannun kowa, kana tambaya ko ku raba iko a manhajar musaya ko ku koma walat mai sa hannun tarayya, wadda ake kira maltisig. Kafin komai, ku daina wannan rabon kalmar sirrin yau. Idan kuɗi suka fita, ba yadda za a gane hannun wa.

Manhajar musaya irin Binance tana da mabuɗan API, wato lambobin shiga asusu, da ake ƙayyade wa aiki: wannan kallo kawai, wancan saye da sayarwa, cire kuɗi kuma izini ne daban. Ana iya ƙayyade adireshin da kuɗi za su iya zuwa. Ga mai ciniki kullum wannan ya yi, akwai sauri. Amma asusun yana kan sunan wanda ya ba da katin shaidarsa, shi ya raba ikon, kuma shi kaɗai zai iya janye shi cikin dare. Kamfanin ma yana sama da shi. Masu kuɗi a manhajar musaya ta FTX ba su ɓatar da kalmar sirri ba a Nuwamba 2022, ƙofa aka rufe musu.

A maltisig kuwa ba mai gida. Kun ce uku cikin biyar, to ko sisi ba ya motsi sai uku sun sa hannu, kamar akwatin ƙungiya mai kwaɗo da yawa. Ɗaya ya rasu ko wayarsa ta ɓace, sauran su cire mabuɗinsa su sa wani. Safe, wani tsarin maltisig, yana aiki a hanyoyin kirifto irin Ethereum da BNB Chain da Polygon, har ana iya ware wa ma'aji ɗan abin da zai kashe shi kaɗai. Idan USDT ɗinku na TRC-20 ne, wato na kan hanyar Tron, Safe ba zai yi muku ba, sai tsarin izini na Tron ɗin kansa. Wahalar maltisig ita ce jira da kuɗin gas, wato ladan turawa, ga kuma babu wanda za ku kai wa kuka idan mabuɗai uku suka salwanta.

Kada kuma a sa hannu ido rufe. A Fabrairu 2025 an kwashe wa manhajar musaya ta Bybit kusan dala biliyan 1.5 daga maltisig, domin abin da allo ya nuna wa masu sa hannu daban, abin da suka amince da shi daban.

Ni dai shawarata, uwar kuɗi ta zauna a maltisig, uku cikin biyar, kowa da na'urarsa da kalmomin sirrinsa. Kuɗin cinikin mako kaɗai ke shiga manhaja, sauran membobi su riƙe izinin kallo. Ku fara gwadawa da dala 10, ku tura, ku dawo da ita, ku gwada sauya mabuɗi, sannan ku zuba jarin.