Asibitin da na je kan ciwon kai: likitan ya yi, amma masu kanta sai a hankali

Tun bayan ƙaramar sallah ciwon kai ya maƙale mani, kullum na tashi da safe ji nake kamar an ɗaura mani kallabi an ja da ƙarfi, daga goshi har ƙeya. Ni kuma ɗinki nake a nan Sabuwar Unguwa, ba halin kwanciya, sai dai in tura yaro kemis ya sawo mani maganin ciwon kan nan mai ƙarfi da kowa ya sani, biyu da safe biyu da la'asar, ranar da aiki ya taru har da dare. Yayata ce ta matsa in je wani asibitin kuɗi nan cikin Katsina, ba zan kama suna ba.

Wallahi da farko na yi da-na-sanin zuwa. Tun ƙarfe 9 na yanki kati, ba a kira ni ba sai da aka yi azahar, yarinyar da ke kanta kuma waya kawai take latsawa, ka yi mata magana kamar da bango kake. Kafin ma in ga likita sun tura ni gwajin maleriya da taifot alhali ko zazzaɓi ba ni da shi, na biya ina ƙunƙuni.

Amma da na shiga wajen likitan sai raina ya yi sanyi. Ya auna mani jini ya ce lafiya lau, ya haska idona da ƴar tocila, ya sa na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji. Sai ya ce Hajiya buɗe jakarki in ga abin da kike sha. Kunya kamar in nutse, fankon kati wajen shida na zazzage mashi kan tebur har da zare da allura. Ya tambaye ni a wata kwana nawa nake sha, na ce ai kullum ne. Nan ya ce to maganin ne da kanshi ya koma yana kawo ciwon. Wai farasitamol zalla in mutum na sha kwana 15 ko fiye a wata, har ya wuce wata 3 a haka, kai yakan saba, da ya sake ka ciwon ya dawo. Irin nawa kuma da aka haɗa da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin shayi da goro, kwana 10 ma ya isa. Ni da nake zargin ko sammu ne!

Ya ce in daina, kuma in shirya don sati ɗaya zuwa biyu sai ciwon ya ƙaru kafin ya lafa. Haka kuwa aka yi, kwana huɗun farko har kuka na yi. Ya kuma rubuta mani a bayan kati irin ciwon kan da ba a jira da shi: wanda ya zo farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko ya haɗu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman lokacin zafi (mu da muka ga sanƙarau na 2017 ba sai an yi mana bayani ba), ko ɓari ɗaya na jiki ya saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko bayan an bugu a kai, ko mai ciki ta ji ciwon kai tana ganin dishi-dishi, ko wanda ya haura shekara 50 ya fara sabon ciwon kai. Waɗannan ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Yanzu Alhamdulillahi sai in yi sati ban ji komai ba. Har na fara yi masu talla wajen kwastomomina, sai ranar da na koma kamar yadda ya ce, aka nemi fayil ɗina sama da ƙasa babu, wai in sake yankar kati. Kuma likitan nan ba ya nan, ba wanda ya faɗa mani sai da na share awa biyu kan benci. Kuɗin gwajin nan ma har yau yana ci mani rai. In za ku je ku fara tambaya ko ranar shi ce, don ni dai in ba shi ba ko kuɗin Napep ba zan ƙara kashewa ba.