Kur ɗin fizik na yamma a Yantala

Masu ɗiya a tarminal da ke neman kur ɗin fizik a Yamai, malamin nan na Yantala ya iya aikinshi wallahi. Farantin tutiya ya ɗauko ya haska mishi jar fitila mai ƙarfi shiru kake ji, yana kunna ƴar fitilar UV, hasken da ya wuce ganin ido, sai allurar na'ura ta motsa, ilaktaron, ƴan ƙwayoyin lantarki da ke cikin farantin, sun fita kenan. Yace haske guntu-guntu yake zuwa, ana ce musu foton, launinshi ke fidda ilaktaron ba yawanshi ba, Einstein ya bayyana haka a 1905. Amma batun masanin fizik de Broglie na 1924, wai ilaktaron ma yana tafiya kamar igiyar ruwa, da gudu ya wuce shi, ban ji daɗi ba gaskiya. Kuɗin wata da sauƙi, sai dai zafin ɗakin in kuran ya tafi.