Rolar soso ko bindigar tausa: amsa ga mai fama da riƙewar baya da cinya

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin rolar soso (gungumen soso mai tauri da ake murza jiki a kansa) da bindigar tausa mai caji (na'urar hannu mai bubbuga tsoka) da ka ce za ka sayi ɗaya saboda riƙewar baya da cinya, rolar za ka saya, ka haɗa da ƙwallon tanis guda biyu. Dukansu na saya da kuɗina, kuma rolar ce har yau nake shimfiɗa tabarma saboda ita.

Abin da ake ƙoƙarin saki, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege ya gan shi da idonsa. Idan mahauci ya ɗaga cinyar sa yana gyarawa, za ka ga wani farin tantani mai sheƙi da ya lulluɓe naman, yana shiga tsakanin tsoka da tsoka, wanda sai ya sa bakin wuƙa ya ɗaye shi. Irinsa ne a jikinmu, tun daga ƙeya har tafin ƙafa, kuma likitoci suna kiransa fashiya. Tsakanin shimfiɗunsa akwai wani ruwa mai yauƙi da ke sa tsoka ta zame a kan 'yar'uwarta idan mutum ya motsa. Zama wuri ɗaya na sa'o'i, ko maimaita motsi iri ɗaya kullum, yana rage wannan zamewa, sai mutum ya tashi ya ji kamar an ɗaure shi da igiya daga ƙugu zuwa gwiwa.

Ni atamfa da shadda nake sayarwa a Idumota, gidana kuma yana Agege. Da asuba ina cikin danfo, wato ƙaramar motar bas ta haya a Legas, gwiwoyina sun tokare kujerar gaba, da rana ina kan benci ko ina ɗaga dila, da yamma kuma cunkoson Oshodi yana jirana. Abin ya kai ni ga cewa idan na yi sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu kafin in miƙe, zaman tahiya kuwa ya zame mini aiki. Wata likitar fisiyo, wato mai gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi da tausa, da aka tura ni wurinta ce ta ɗauko rola daga gefen gado, gungumen soso mai tauri da kaurinsa ya kai santimita 15, ta ce in kwanta rub-da-ciki in ɗora gaban cinyata a kai. Ban taɓa sanin cinyata tana ciwo ba sai ranar, domin ni ciwon baya na kai ƙara. Ta sa na dogara a kan gwiwar hannu ina jan jikina a hankali, kamar tafiyar hawainiya, har na iso wani wuri da ya yi tauri kamar an cusa goro a cikin naman. Ta ce in tsaya nan, in saki numfashi, kada in cije haƙora. Kafin in ƙirga talatin sai na ji zafin yana janyewa da kansa. Da na miƙe na taka, ƙafar da aka murza ta fi ɗayar sauƙi ƙwarai, har na tsaya ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na sayi tawa, mai tsawon santimita 45, kuma tun daga lokacin bayan sallar isha'i nake ba ta minti 10. Ina farawa da sha-raɓa, in hau gaban cinya, in koma mazaunai, sannan in kwanta rigingine in murza gadon baya daga tsakiya zuwa allon kafaɗa, hannuwana rungume a ƙirji. Kowane wuri daƙiƙa 30 zuwa minti 2 ya wadatar. Kwankwaso ba a ɗora masa rola, saboda babu haƙarƙarin da zai tare nauyin a nan. Ana sassauta shi ne ta hanyar sakin mazaunai da cinya. Gefen cinya na waje ma ba na daɗewa a kansa, domin igiyar da ke nan tana da ƙarfin da murza ba ta iya miƙar da ita, zafi kawai mutum zai sha. Inda rola ba ta shiga sai ƙwallo ta shiga. Ina jingina da bango in matse ta tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, a kan nama, ba a kan ƙashi ba. Da safe kuma ina taka ta da tafin ƙafa daga diddige zuwa gindin yatsu, wanda ya taimaka mini sosai da zafin takun farko bayan tashi daga barci. Ƙwallo biyu a cikin safa ɗaya da aka ƙulle bakinta suna zama a gefe da gefen ƙashin baya ba tare da sun danne shi ba.

Gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu ita ce, sauƙin da ake samu bayan murza ba ya daɗewa idan an bar shi haka. Masana da yawa suna ganin dannawar tana kwantar da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne, jiki ya daina ɗaurewa na ɗan lokaci, ba wai tantanin ya yage ko ya narke ba. Shi ya sa da zarar na gama nake miƙe gaɓoɓi, in tsuguna in tashi sau goma, a shago kuma ba na barin awa ta cika ina zaune ban tashi na taka ba. Wata uku na yi a haka kafin zaman tahiya ya dawo mini daidai.

Bindigar tausa kuwa, ba zan ce ba ta da amfani ba, tana ɗan sassauta cinya da sha-raɓa bayan doguwar tafiya. Tawa dai ba ta kai tsakiyar baya sai an riƙe mini, ranar da aka ɗauke wuta ba ta da caji, kuma batirinta ya mutu kafin ta shekara.

Ko da za ka ƙi shawarata ka saye ta, ka kula da masu sayarwa, musamman waɗanda ke tallata ta a intanet da masu bi layin motoci da ita a cikin gosulo. Na asali, irin su samfurin Theragun, kan da ke bugun jiki yana shiga da fita har milimita 16, yana bugu kusan sau 2,400 a minti, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Na jabu suna zuwa a kwali mai kyau da kawuna kala-kala, amma kakkarwa kawai suke yi a kan fata, kana dannawa da ɗan ƙarfi injin ya tsaya cak. Haka wani ya yi mini, ya rantse cewa daga Jamus take, da na koma bayan ta lalace ya ce ai kayan lantarki ba su da garanti. Ka sa a kunna a gabanka, ka danna a tafin hannunka da ƙarfi. Rolar ma ana ha'inci a cikinta, domin akwai mai laushi irin sosan katifa da ke lotsewa cikin 'yan makonni. Ka danna babban yatsa a jikinta. Idan ya nutse ya bar gurbi, ka ajiye musu. Ka ɗauki mai santsi, ka bar mai ƙuraje kamar tayar mota sai jikinka ya saba. Duk wanda kuma ya ce maka na'urarsa tana warkar da shanyewar ɓarin jiki ko gocewar faifan ƙashin baya, kuɗinka kawai yake so.

Akwai wuraren da ba a kai rola ko bindiga ko kusa: gaban wuya da gefensa inda manyan hanyoyin jini suke, bayan gwiwa, kan gaɓa, da inda aka samu sabon targaɗe ko kumburi. Idan sha-raɓarka ɗaya ta kumbura tana zafi kuma ta yi ɗumi, kada ka murza, domin zai iya zama gudan jini ne, kuma asibiti ake kai shi a ranar. Mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon suga da ƙafafunsa suka fara dusashewar ji, da mai juna biyu, da dattijon da ƙashinsa ya yi rauni, duk su tambayi likita tukuna. Idan kuma ciwon bayan naka yana sauka cikin ƙafa kamar jan lantarki, ko ƙafar tana sagewa, ko ya wuce mako shida bai sassauta ba, ka nemi sashen fisiyo a asibitin ƙashi na Igbobi, ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, a duba ka kafin ka sayi komai. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka sayi rola mai santsi ta santimita 45 da ƙwallon tanis biyu, ka fara da minti 5 a daren farko. Allah ya ba ka lafiya.