Ajin share fagen SAT a Yantala: Ingilishi ya yi, lissafi ɓata lokaci

Wanda ɗansa ya ci BAC, jarrabawar kammala sakandare, kuma yake hangen jami'ar Amurka, ya san da zaman SAT, jarrabawar Ingilishi da lissafi ta neman shiga jami'o'in can. Lokacin korona jami'o'i da yawa sun daina wajabta ta, amma MIT ta maido da ita a 2022, Harvard da Yale suka sake neman makin jarrabawa a 2024. Shi ya sa na sa 'yata Hadiza a wani ajin yamma da ke Yantala, nan Yamai, jikka ashirin a wata.

Malamin Ingilishin ya cancanci kuɗinsa. Yaranmu da Faransanci suka tashi tun daga firamare, ga shi jarrabawar duk da Ingilishi take, gajerun nassoshi da tambaya ɗaya ƙarƙashin kowane. Yakan sa agogo, ya sa su karanta, sannan ya tambayi kowa dalilin amsarsa. Ba ya barin "na dai ji ita ce". Hadiza da ke jin kunyar buɗe baki, yanzu gardama take yi da shi.

Lissafin kuwa, wanda ya yi BAC D, na ɓangaren kimiyya, ya wuce wurin. Kalmomin lissafin da Ingilishi kawai zai koya.

Abin da ya ɓata mini rai: tun 2023 a kwamfuta ake rubuta SAT, cikin manhajar Bluebook, awa biyu da 'yan mintoci, maki 1600. Su kuwa har yanzu takarda suke rabawa, kwamfutocinsu kaɗan ne, in an ɗauke wuta shi ke nan. Ku sauke Bluebook a gida, gwajinta kyauta ne, ku biya kuɗin Ingilishi kaɗai in sun yarda.