Mun buga wa Mamana littafinta a Shomolu, ga yadda muka kwashe da shagon

Tunda na ɗora hoton littafin nan mutane ke ta kirana, ina aka buga, yaya aka yi, wai ashe ɗan sakandare ma zai iya fitar da littafi, to bari in zauna in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunan shagon kam ba zan kama ba, don akwai inda suka ɓata min rai kuma zan faɗa, ba na son ya zama na taɓa wa bawan Allah abincinsa.

Yarinyar 'yar yayana ce, sunan mahaifiyarmu ta ci shi ya sa nake ce mata Mamana, shekararta 15 tana SS2 a nan Agege. Tun firamare malamai ke cewa kanta na ja, amma ni ba sakamakon jarabawa ne ya fi tsaya min a rai ba, littattafan rubutun nan ne masu falle 60 da take cikawa da labarai tana turawa ƙarƙashin katifa. Kuma ku sani ba wanda ya taɓa koya mata rubutun Hausa a aji, Yarbanci ake musu, tun 2018 ma gwamnatin Legas ta mai da koyar da shi doka a makarantu, ita Hausarta ta gida ce, sai littattafan da direbobi ke taho mana da su daga Kano da abun da take karantawa na BBC Hausa a wayar mamanta. Yau ta ce aikin jarida za ta karanta a UNILAG, gobe ta ce a'a Bayero za ta tafi ta yi Hausa zalla, kuma ƙirga shekaru take ta cika 18 ta shiga Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ke shiryawa.

Hutun da ya wuce ta zo ta durƙusa gabana ta ce "Baffa, ina so in ga labaraina a littafi na gaske ko da guda ɗaya ne." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Na ce tashi Mamana, in Allah ya yarda za ki gani. Sati uku ta yi tana buga su a waya da allon Hausa na Gboard, labari tara, shida da Hausa uku da Turanci, wanda ya fi taɓa ni na wani tsoho ne da ya zo Agege fataucin goro yana saurayi ya ce damina ɗaya zai yi, har jikokinsa suka girma ba su san hanyar garinsu ba.

Ranar wata Asabar muka hau danfo zuwa Oshodi, daga nan muka sauka Onipanu muka shiga ciki da ƙafa. Wanda bai taɓa zuwa Shomolu ba, unguwa ce da kusan kowane gida akwai injin ɗab'i, ƙarar janareto ta ko'ina, warin tawada da gam, yara na tura baro cike da kalanda da katin biki. Kafin ka yi taku goma 'yan kamasho sun tare ka, Alhaji me za ka buga, Alhaji zo nan. Kada ka bi su, shi ma wani shagon zai kai ka ya ɗora nasa a kai. Mu wani abokina da ke buga rasit ne ya kwatanta mana wurin, shago ne ƙarami a ƙasan bene, kwamfuta biyu, inji ɗaya babba, benci ɗaya.

Abun da ya fara burge ni, mai shagon, wani dattijon Bayarabe, da ya ji cewa yarinyar ce marubuciyar sai ya daina kallona ya juya wajenta. Ya sa aka kawo mata kujera, ya ɗebo samfurin takardu ya ce ta taɓa da hannunta ta zaɓa. Shaguna biyu muka leƙa kafin nan, da sun ji kwafi 50 muke so sai su ce mu zagayo, shi ko ya zauna ya mana bayani dalla-dalla, cewa babban injin nan mai faranti sai kana buga ɗaruruwa yake da riba don kuɗin farantin ɗaya ne ko kwafi nawa za ka yi, mu abun da ya dace da mu shi ne injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, kowane kwafi ya ɗan fi tsada amma ba a tilasta maka yawa. Muka tsaya a girman A5, shafi 64, takarda mai ruwan madara giram 80 don ba ta kashe ido, bango mai kauri da lamineshin mara ƙyalli, a haɗa da gam ba sitefula ba. Ta so a rubuta sunanta a ƙashin bayan littafin, ya ce 'yata shafi 64 siriri ne rubutun zai zame, ki ƙara rubutu, na gaba za mu sa. Na ji daɗin wannan maganar sosai.

To ga inda matsala take, kuma duk mai rubutun Hausa ya buɗe kunne. Da suka fito da kwafin gwaji, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati ya fito, don samfurin harafin da suka zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Yarinyar da ke kan kwamfuta, da niyyar taimako fa, ta ce a bari ta gyara, sai kawai ta mai da su k da d da b. Ƙasa ta koma kasa, baƙi suka zama baki, inda Mamana ta rubuta labari ya ƙare sai ga kare. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta matso ta ce min a hankali "Baffa wannan ba rubutuna ba ne." Su a wajensu ƙaramin abu ne, mai shagon har cewa ya yi ai masu karatu za su gane, sai da na ce masa da Yarbanci ya tuna yadda kalma ke canja ma'ana in an cire ɗigon ƙasan harafi a nasu rubutun, nan take ya yi shiru ya ce gaskiya ne. Muka sauko da wani samfurin harafi mai suna Charis SIL daga intanet, kyauta ne kuma yana da duk haruffanmu, aka sake tsara shafukan tun daga farko, bai ƙara mana ko sisi ba. Shawarata, ka tsara abunka daga gida ka kai musu a PDF, in ka kai a Word komai zai iya wargajewa a kwamfutarsu.

Kuma a sani su masu bugawa ne ba masu gyaran rubutu ba, abun da ka ba su shi za su fitar. Mun tafi da kwafin gwajin gida, wani malamin Islamiyyarsu da ya yi Hausa a kwalejin ilimi ya bi shi da jan biro, ya kama kurakurai da yawa, musamman raba kalma irin su "ya na" da "yana". Kwana biyu tana gyarawa ba ta ko yi ƙorafi ba.

Lambar ISBN ma, wato lambar shaidar littafi, wani a bakin titi ya ce zai samo mana a ranar, mai shagon ya ce kar mu kuskura, Laburaren Ƙasa ne kawai ke bayarwa kuma suna da reshe a Yaba, in littafi ya fito doka ta ce a kai musu kwafi 3. Mu dai wannan karon na 'yan uwa da makaranta ne, mun bar shi sai bugu na biyu.

Abun da ya ɓata min rai shi ne alƙawari. Sun ce Alhamis, na rufe shagona na sha go-sulo na je, aka ce ba wuta kuma janareto ya lalace, ba wanda ya kira ni ya faɗa min alhali lambata na hannunsu. Sai Talata muka karɓa. Cikin 50 ɗin huɗu an yanke su a karkace, ɗaya kuma shafukan tsakiya a juye suke, don haka ka tsaya ka duba ɗaya bayan ɗaya kafin ka cika kuɗi, rabi kawai za ka bayar da farko. Sun sauya biyar ɗin ba gardama, wannan kam na yaba. Kuɗin duka bai kai na ƙaramar wayar Android ba, in maki zan bayar 8 cikin 10 ne, kuma zan koma.

A danfo muna dawowa kwalin na kan cinyarta ta ƙi yarda a sa shi a but, ta zaro ɗaya tana ta shinshina shi. Kwafin farko kakarta ta kai wa, tsohuwa ba ta karatun boko, ta riƙe ta shafa bangon ta ce a karanta mata na mai goron nan. Shugabar makarantarsu ta karɓi biyar ta sa a laburare, kuma jiya 'yan ajinsu biyu, ɗaya Bayarabiya ɗaya Bahaushe ɗan Zango, sun biyo ta har gida da nasu littattafan rubutun suna tambayar Baffa yaushe zai koma Shomolu.