Asusun akwati na zumuntar majami'a a Damagaram: inda yake da amfani da inda yake cin mutum

Asusun akwati, wato ƙungiyar da mambobinta ke tara ajiya suna ba juna bashi daga ciki, ba a majami'a aka ƙirƙiro shi ba. Tsarin ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maradi a 1991, daga nan ya bazu har ƙetaren Nijar. Abin da zumuntar majami'a ta ƙara a kai shi ne buɗe taro da addu'a, ɗan karatun Littafi Mai Tsarki a kan riƙon kuɗi, da kuma dattawan ikkilisiya a matsayin masu sulhu idan rigima ta tashi. Hukuncinmu a taƙaice: ga mai samun kuɗi kaɗan-kaɗan kullum, mai tuyar ƙosai ko tela ko mai kasa kaya a kasuwar Dole, da wuya a sami abin da ya fi shi koya ajiya. Amma abubuwa biyu da ake yankewa cikin gaggawa a taron farko, wato ruwan bashi da ranar rabo, su ne ke sa asusun ya zama taimako ko ya zama nauyi.

Ga yadda yake tafiya. Mutum 15 zuwa 25 ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako. Ana zaɓen shugaba, magatakarda, mai ajiye akwati da masu ƙirga biyu. Akwatin na ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun wasu mutum uku dabam waɗanda ba sa cikin shugabannin, don haka ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana tsai da kuɗin kaso ɗaya, a ce dala ɗari, wato sefa 500, kowa ya sayi kaso 1 zuwa 5 a mako gwargwadon ƙarfinsa, a buga masa hatimi a ɗan littafinsa. Wanda bai iya karatu ba yana iya ƙirga hatimi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Nan ya sha bamban da adashi, inda kowa ke zuba abu ɗaya kuma sai layi ya zo kanka za ka kwasa, ko kana da bukata a lokacin ko babu.

Lissafin rabo ma a fili yake. A ce mutum 25 sun tara kaso 3,000 cikin mako 48, wato sefa 1,500,000. Da ruwan bashi da kuɗin tarar masu saɓa ƙa'ida, aka tarar da 1,800,000 a akwati. Sai a raba wannan da 3,000, kowane kaso ya tashi a 600. Wadda ta riƙa sayen kaso 3 kowane mako ta zuba 72,000, za ta karɓi 86,400.

To wannan ƙarin 14,400 daga aljihun wa ya fito? Daga aljihun 'yan'uwan da suka ci bashi. Ƙa'idar ita ce mutum yana iya cin bashi har ninki uku na ajiyarsa, ya biya cikin wata uku. Ƙungiya ce ke yanka wa kanta ruwan, tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 a wata, kuma sau da yawa ana ɗaukar 10 don kawai ya fi sauƙin lissafi. Wadda ta ajiye jaka 20, wato sefa 20,000, ta ci bashin jaka 60 a kan 10 cikin 100 za ta biya jaka 6 kowane wata, jaka 18 a wata uku. In aka miƙa shi shekara, ya zama 120 cikin 100. Don kwatanci, iyakar da aka gindaya wa ƙananan cibiyoyin ba da bashi a ƙasashen UEMOA, wato na yammacin Afirka masu amfani da sefa, a 2014 ita ce 24 cikin 100 a shekara. Masu kare tsarin suna cewa ruwan ai gida yake dawowa ranar rabo. Gaskiya ne, sai dai yana dawowa ne bisa yawan kaso, ba bisa wanda ya biya shi ba. Mai albashi da ke sayen kaso 5 kuma bai taɓa cin bashi ba shi ne ke kwasar mafi yawa, gwauruwar da ke sayen kaso 1 tana cin bashi duk wata uku ita ce ke cika akwatin.

A nan ne karatun da ake yi a taro ya gaza. Ana yawan karanta Karin Magana 22:7, mai cewa wanda ya ci bashi bawan mai ba shi ne, da Zabura 37:21 a kan mugun da ke ci ba ya biya. Duka biyun mai cin bashi suke ja wa kunne. Fitowa 22:25 kuwa, inda aka hana karɓar ruwa daga matalauci cikin jama'ar Allah, ba kasafai ake buɗe ta ba, alhali ita ce ta shafi masu ba da bashin, wato ƙungiyar kanta. Ba muna cewa a soke ruwa gaba ɗaya ba. Bashin sarin gyada da za a juya a sami riba yana iya ɗaukar 5 cikin 100. Amma bashin magani, ko na hatsin ci a watan Agusta, bai kamata ya bi ta wannan ƙofa ba.

Ƙofarsa ita ce jakar taimako, kuma ita ce ɓangaren da muka fi yabawa. Kowa yana zuba abu ɗaya, a ce dala ashirin a mako. Mutum 25 sun tara 2,500 ke nan a mako, 120,000 a mako 48. Ana ajiye ta a jaka dabam, ba a ba da ita bashin kasuwanci, ba a raba ta ranar rabo. Inda take lalacewa shi ne idan ba a rubuta tun farko nawa ake bayarwa ga haihuwa, nawa ga kwanciya asibiti, nawa ga rasuwa ba. Sai ka ga an ba wannan jaka 10, an ba wancan jaka 5, gunaguni ya fara daga akwati ya kai har ƙungiyar mawaƙa.

Sai ranar rabo. Ƙungiyar majami'a tana son farawa a Janairu ta fasa akwati a Disamba, don a sami na Kirsimeti. Dabarar tana da daɗi, amma kuɗin shekara guda kan ƙare ne a atamfa, kaji da shinkafa cikin mako biyu. Manyan bukatun gidan Damagaram ba a Disamba suke ba. A Oktoba ne ake komawa makaranta, a lokacin kaka ne kuma tiyar hatsi ke sauka, kafin ta sake hawa daga bazara har tsakiyar damina. Ƙungiyar da ta sa rabonta a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba tana ba mambobinta kuɗin littattafai da na buhun gero a lokacin da yake da araha. Abin da Yusufu ya yi ke nan a Farawa 41, ya tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Na Kirsimeti sai a yi masa ƙaramin adashi daga Oktoba zuwa Disamba, ya wadatar.

Akwai abin da asusun ba ya koyarwa ko kaɗan: tsara kuɗin gida. Yana karɓar abin da ka kawo, ba ya tambayar daga ina ka cire. Shi ya sa ake samun mai sayen kaso 5 don kada a raina ta, alhali mai ga-ruwa yana bin ta kuɗin mako biyu, a garin da kowa ya san yadda ruwa ke tsada da bazara. Haka batun zakka. Mai sana'a da ta yi cinikin jaka 10, ribarta jaka 2, ushirinta sefa 200 ne ba 1,000 ba. Wadda ke cirewa daga ciniki jarinta take ci, bayan 'yan watanni sai ta koma akwati neman bashi. Kuɗin da aka ci bashi ma ba samu ba ne da za a fitar masa da zakka. Magatakarda mai kula zai iya bayyana wannan cikin minti biyar, ƙa'idar ce dai ba ta ɗora masa ba.

Kan tsaro, kwaɗo uku suna hana cin amana daga ciki, ba sa hana ɓarawo ɗaukar akwatin dungum. Haɗarin ya fi yawa a makonnin ƙarshe, lokacin da aka daina ba da bashi kuma kuɗi duk sun dawo. Ƙungiyar da ta haura miliyan ɗaya gara ta kai rarar banki ko cibiyar ajiya mai lasisi, da sa hannun mutum uku. Kuma fasto ko matarsa kada su riƙe makulli ko akwati, ba don zargi ba: ranar da wani ya kasa biya, ana bukatar wanda bai da hannu a kuɗin ya zauna tsakani.

Mai albashin wata zai ga zuwa taro duk mako ya yi masa yawa, kuma ninki uku na ajiyarsa ba zai sayi fili ba; ya shiga don zumunci da jakar taimako, ya bar babbar ajiyarsa a banki. Mai ciniki da Kano ko Daura kuma ya lura cewa bashin na sefa ne, in kayansa na naira ne canji kaɗai yana iya cinye ribar wata uku. Kafin kowa ya zuba kason farko, ya nemi a karanta masa ƙa'idar da aka rubuta: ruwa nawa ne a wata, yaushe ake daina ba da bashi kafin rabo, kuma idan mamba ya rasu da bashi a kansa, daga ajiyarsa za a cire, a yafe, ko magada za a bi.